Kaset Na Bakwai Ya Tafi Kurfi

"Ni dai abin da kika ce shi na yi. Kika ce duk ranar da Audi direba ya zo a miƙa mashi, ya zo na miƙa mashi. Ina laifina?"

"Inna, cewa na yi in ina gida."

"Ba ki ce ba. Dada, kin ji ta ce in tana gida?"

Dada, uwar babana, tana bakin ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa a faifai. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce ita kunnenta ba ya buɗewa sai hantsi. Kada ku yarda. Tsohuwar nan in aka yi raɗa a Dabawa tana ji daga Dutsin-Ma, kuma ni a wurinta na yi gado.

Ina tsaye a tsakar gida da sabbin batir huɗu a hannu, ko takardar da mai shago ya naɗe mani su ban kwance ba. Fitar da na yi ba ta kai a dama koko ba, amma ashe ranar kasuwar Kurfi ce, Audi ya yi sammako. Inna ta ci gaba da faɗa tana kwashe tokar murhu. Wai tun da aka kawo mata akwatin nan mai magana gidanta ya koma aji, wani ƙato da ba ta taɓa gani ba yana ta zancen kashin jarirai tun safe har magariba, ko tuwo ba a ci cikin mutunci. Wai ɗiya budurwa ta tsaya tana rawar jiki a kan ɗan roba kamar an ɗauke mata goyo. Daga ƙarshe ta ajiye kaskon toka ta juyo, ta ce in gaya mata, mi ke cikin wannan kaset ɗin da ya fi na shidan da suka tafi ban ce uffan ba?

Ta ina zan fara? Don abin da ke cikin kaset ɗin nan muryarta ce, da ta Dada, da tawa.

Bari in koma baya kaɗan saboda waɗanda yau suka shigo. Jiya ma wata ta turo mani saƙo, wai Hajiya Rabi'atu ki daina zagaye-zagaye, ki gaya mana kin auri Lawal ko ba ki aure shi ba. 'Yar nan, ni da na jira abin nan ban mutu ba, ke da ke kwance a kan katifa da waya ba za ki mutu ba.

Shekarar alif ɗari tara da tamanin da shida ce, ko jihar Katsina ba a yanka ba, muna ƙarƙashin Kaduna. Ina da shekara goma sha tara. Karatuna firamare ce, ita ma da ƙyar da jiɓin goshi, amma Allah ya ba ni baki da kunne. Ina aiki a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a Dutsin-Ma: in wanke kwalabe, in dafa sirinji, in kira suna, in riƙe ƙafar yaro in za a yi mashi allura. Mai kula da mu Sista Veronica ce, mutuniyar kudancin Kaduna, doguwa mai farin gilashi, Hausarta ta fi tawa tsabta in ba ta yi fushi ba.

Sai aka kawo kwas. Ku na yanzu ana turo maku kwas ɗin wurin aiki a waya, kuna kwance kuna dannawa, in malamin ya ishe ku ku ja shi gaba da yatsa, a ƙarshe satifiket ya faɗo kamar nunannen mangwaro. Namu a akwatin katako ya zo daga Kaduna. Kaset goma sha biyu, da ɗan littafi mai zane-zane, da takardun tambayoyi, da rikoda guda uku. Rikoda ɗaya tamu, ɗaya ta Kurfi, ɗaya ta Dabawa. Amma kaset ɗin kowane darasi ƙwaya ɗaya tal ne, don haka zagaye yake yi: sati ɗaya a hannuna, Audi ya kai Kurfi ya yi sati, daga can ya wuce Dabawa. Wadda ta gama sha biyun ta ci tambayoyi, a ba ta satifiket da shuɗiyar rigar aiki mai aljihu biyu, ta zama cikakkiyar ma'aikaciya. Rigar nan har mafarkinta na yi.

Dokar Sista uku ce. Kada a bar kaset a rana. Kada a sa waƙa a rikodar gwamnati. Ta ukun kuma, duk wadda ta gama darasi ta soka biro ta juya zaren ya koma farko kafin ta miƙa, don kada ta gaba ta ƙarar da batirinta wajen mayarwa. Ku riƙe ta ukun nan. Ita ta kashe ni.

Lawal kuwa mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwar Kurfi. Ranar da rikodarmu ta cinye zaren kaset na biyu aka kira shi. Ya zo da 'yar shara fara tas, biro a bayan kunne, yatsunshi suna ƙaurin dalma. Ya zauna ya zaro zaren nan a hankali kamar mai cire ƙaya a ƙafar jariri, ya liƙe inda ya tsinke da jan farce. Ni kuwa aka ce in riƙe mashi fitila, da rana tsaka, na riƙe. Yayarshi Sa'adiya ita ce mai yin kwas a Kurfi, don haka duk kaset ɗin da ya bar hannuna a hannunshi yake fara sauka ko ya ƙare. Sai na fara saka 'yar takarda a bayan murfin. Amsa kuma ta dawo ta hannun Audi, wanda ya rantse bai iya karatu ba amma kullum sai ya miƙo yana murmushi.

Ta sati na huɗu har yau ina iya kawo ta da ka: "Na ji darasinku. Ashe haka ake wanke hannu. Ni duk tsawon rayuwata wasa da ruwa nake yi. A gaida Inna."

Ba shi ne farkon wanda ya zo ƙofar gidanmu ba. Akwai malamin makaranta, akwai wani mai sayen hatsi da ya ce matarshi ba ta wanke kwalbar kowa. Duk bakinsu ɗaya, in an ɗaura in ajiye aiki, kuma Inna tana bayansu, kullum zancenta ke nan, sa'o'ina duk sun yi ɗaki ni ina can ina shaƙar warin magani. Lawal kaɗai ya ce shi wadda ta san abin da za ta yi in yaro ya kwanta yake so a gidanshi. Sai ga saƙo daga Kurfi, magabatanshi za su zo gaisuwa ranar Juma'a.

To, ana gobe abin nan zai faru, bayan la'asar, Inna ta shiga ɗakin Dada ta ce in tafi gidan maƙwabta in karɓo mata rariya. Rariyarmu kuwa ga ta nan rataye ina kallonta. Na san zancen Lawal za su yi. Ni kuma a duniya babu abin da ke cina kamar a yi magana ban ji ba. Shaiɗan ya raɗa mani, ga rikoda, ga kaset na bakwai, kuma na san a ƙarshenshi bayan malamin ya yi sallama akwai sauran zare da babu komai a kai. Kaset ɗin darasi an karye mashi ɗan kunnen nan na baya don kada a ɗauki magana a kai, amma Lawal da kanshi ya taɓa nuna mani cewa in aka toshe ramin da takarda sai ya ɗauka. Na yagi gefen takardar da ta fi kusa da hannuna, na dunƙula na cusa. Na shiga kamar zan ɗauki mayafi, na tura rikodar ƙarƙashin gadon Dada bayan kwallayen tasa, na danna jan maɓalli na fita.

Abin da na manta, tun da safe na riga na bi dokar Sista. Na juya zaren da biro ya koma farko.

Da na dawo da rariyar sun gama zancen Lawal sun gangara kan danginshi. Na tsaya a bakin ƙofa, aka ja ni ciki da hira, na zauna. Wallahi na manta da abin da ke ƙarƙashin gado. Dada ce ta ɗauko zancen Sa'adiya, wai ma'aikaciyar asibiti guda ɗanta ya mutu da gudawa bara da damina, kamar a ce mai ga-ruwa ya mutu da ƙishirwa. Inna ta ce ai sakaci ne. Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma ina wurin ranar da Sa'adiya ta shigo da yaron asibitinmu, kuma bakina ba ya riƙe abin da idona ya gani. Na miƙe na kwatanta masu yadda ta faɗo da gudu, ɗankwali a wuya, takalmi ƙafa ɗaya. Na kwaikwayi muryarta tana kiran Sista, Sista, da yadda muryar ta shaƙe. Na iya kwaikwayon murya, Allah ya yafe mani. Suka yi dariya. Tawa ta fi tasu tsawo.

Sai da Dada ta fita alwala na zaro rikodar na kai ɗakina. Na mayar na kunna ƙasa-ƙasa. Maimakon malamin Kaduna ya ce barkanku da zuwa darasi na bakwai, sai na ji Dada tana gyaran murya. Darasin ya tafi. Na saurara har inda dariyata ta fito, na ji kamar an zuba mani ruwan randa. Na danna in goge, batir ya ja ya ja ya mutu, gidanmu kuma babu lantarki. Na ce da safe in sayo sabbi in goge kaf, in ce rikoda ce ta lalata shi, duk faɗan da Sista za ta yi in shanye. Sauran kun ji shi.

Na bar Inna tana magana na fita, batir a cikin jaka. Har na kai zaure ina jin tana gaya wa Dada wai aikin asibiti ya fara taɓa mani kai.

Sista na iske tana jera allurai a faranti. Na ce mata na manta ban saka takardar tambayoyi a cikin kaset ɗin da ya tafi Kurfi ba, ta bar ni in kai. Ta dube ni ta saman gilashi tsawon lokacin da za a karanta Fatiha, ta ce tun yaushe na fara damuwa da tambayoyin wasu. Ta ce in dai mai gyaran rediyo ne zan gani in dawo kafin la'asar, ta haɗa ni da katunan awon jarirai in kai masu. Har na juya ta ƙara da wata magana, tana yabo.

"Ki tsaya ki ga yadda Sa'adiya ke yi, ki koya. Ita ba ta jin darasi ita kaɗai a ɗaki. Ranar kasuwa take ɗora rikoda a tebur a baranda, ta ƙure murya, duk matan da suka zo awo su ji. Har rahoto na rubuta a kanta."

Ban san yadda na kai tasha ba.

A-kori-kura na samu, an cika bayanta da mata da buhunan barkono da akuya biyu. Duk inda aka ɗaga hannu sai direban ya tsaya, ya gaisa, ya tambayi gida da gona. Ni kuwa ina maƙale a gefe ina lissafin zare. Farko akwai yabon Lawal, wai yana da sana'a yana da salla, wannan ko sarkin gari ya ji ba komai. Sai zancen uwarshi, Hajiya Sauda, wai tana ƙirga nama a tukunya, wannan za a yi fushin wata guda a huce. Daga nan sai Sa'adiya. Na yi addu'ar tayar Audi ta fashe, na tuna da fasinja na janye. Na yi addu'ar rikodar Kurfi ta cinye zaren. Na yi alkawarin azumi uku, na ƙara ya zama bakwai. Wata tsohuwa a kusa da ni ta ga bakina yana motsi ta ce Allah ya ba mai jiki lafiya, na ce amin.

Asibitin Kurfi ɗaki biyu ne da baranda, da itacen bedi a gaba inda aka rataye ma'aunin jarirai. Tun daga nesa na hango mata, sun kai talatin, wasu a benci wasu a tabarma, goyo ta ko'ina. Ga tebur, ga rikoda a kai. Na tsaya na kasa kunne. Kukan yara kawai nake ji da surutun mata.

Sa'adiya ce ta fara ganina. Siririya ce, mai sanyin magana, ranar tana sanye da atamfa ruwan ganye da farar rigar aiki a sama, an yi wa aljihun faci da zare baƙi. Ta taso ta riƙe hannuna biyu tana gaya wa mata ga amaryarsu ta zo da kanta, aka hau guɗa ƙasa-ƙasa. Ta ce da akwai batir da tuni sun yi nisa, nasu ya yi sanyi, ta aika wa Lawal ya kawo. Na matse jakata a hammata har batiran suna cin haƙarƙarina.

Na ja ta gefe na ce abin da ya kawo ni ke nan, kaset ɗin ya lalace, rikodarmu ta tauna zaren, kuskure aka yi aka ba Audi, ta ba ni in mayar wa Sista. Fuskarta ta canza. Ta buɗe rikodar ta ciro shi, tana jujjuya shi a hannu.

"Sati bakwai nake jiran wannan, Rabi'atu. Don shi na ba da sunana a kwas ɗin nan. Tun ranar da na ga hoton yaro mai gudawa a littafi." Ta shafa kaset ɗin da yatsa. "Uwar mijina ta ce a hana shi ruwa gudawar za ta tsaya. Na hana shi. Yana miƙo hannu ga moɗa ina kauda ita. So nake in ji da kunnena abin da ya kamata in yi."

Ku da ke karantawa, in akwai wadda ta taɓa fatan ƙasa ta tsage ta shige, ta san inda nake tsaye.

Na miƙa hannu in karɓi kaset ɗin, sai ta jefa shi a aljihun rigarta, ta ce bari Lawal ya duba, babu zaren da ya gagare shi. Ta yaya zan sa hannu a aljihun yayar wanda zan aura, a gaban mata talatin? Abin da ya zo bakina kawai na faɗa. Na ce ba sai an jira shi ba, na haddace darasin, sati guda ina jinshi safe da yamma har Inna ta kusa jefa rikodar a rijiya. Tunanina in na ba ta darasin, ba ta da sauran buƙatar kaset ɗin.

Aka kawo kwalaben lemo, da tafasasshen ruwa, da gishiri, da kwalin sukari. Na tsaya a bayan tebur, na buɗe baki, sai muryar malamin Kaduna ta fito, har da yadda yake jan "to, 'yan uwa ma'aikata" ta hanci. Mata suka fashe da dariya, suka matso. Na ce ruwa cikin kwalbar lemo biyu. Gishiri ƙaramin cokali ɗaya, a shafe kanshi da yatsa, kada a yi tozo. Sukari ƙwaya biyar. A ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. A ba yaro kaɗan-kaɗan da cokali, ko ya yi amai a dakata jim kaɗan a ci gaba, kuma kada a cire shi daga nono. Sa'adiya tana tsaye a gefe tana maimaitawa da leɓe, hawaye na bin kuncinta ba ta share ba.

Sai wata Bafulatana daga can baya ta kwance goyonta ta miƙo. Yarinya ce 'yar wata takwas, idanu sun faɗa, maɗiga ta lotsa, na ja fatar cikinta ta tsaya ba ta koma ba, daidai yadda aka zana a littafi. Kwana biyu ke nan tana gudawa, in ji uwar. Na zauna a benci na ɗora kanta a hannuna na hagu, na fara ɗiga mata da cokali. Na farko ya zubo. Na biyu ta haɗiye.

Ina kan cokali na biyar ko na shida na ji ƙararrawar keke.

Ya jingine keken a jikin bedi, ya yi sallama daga gefe saboda mata. Hula zanna ce a kanshi, sabuwa, na san don Juma'a ya saya ya kasa haƙuri. Ya gan ni da jaririya a hannu, fuskarshi ta washe yadda ban taɓa gani ba. Sa'adiya ta je ta yi mashi magana a hankali, ta sa hannu a aljihu. Ya karɓa, ya ɗaga mani kaset ɗin daga nesa yana murmushi, wato kada in damu, ya hau keke.

Na buɗe baki in kira shi. In ce mi? Na yunƙura in tashi, yarinyar ta buɗe baki tana neman cokali, karo na farko da ta nema da kanta. Uwar ta riƙe mani gwiwa tana cewa in ƙara, in ƙara. Na koma na zauna. Na ƙara.

Ban san adadin cokalin da na ba ta ba. Na san dai inuwar bedi ta tashi daga kan tabarma ta koma kan tebur. Na san gefe ɗaya na kaset rabin awa ne, kuma na san Lawal ba ya mayar da aiki sai ya ji shi daga farko har ƙarshe, shi ne abin da ake yabonshi da shi. Duk keken da ya gifta sai na ɗaga kai. Yarinyar ta yi fitsari a zanina, mata suka hau murna, Sa'adiya ta ce wannan alama ce mai kyau ko, na ce ƙwarai, haka malamin ya ce. Ta dafa kafaɗata ta ce Allah ne ya kawo ni gidansu.

Da ya dawo turo keken yake yi, bai hau ba. Hular tana aljihu. Ya gaida mata, ya ce wa yayarshi yana son magana da ni minti biyu a ɗakin magani. Ta yi dariya ta ce mu bar ƙofa a buɗe, ba a ɗaura ba tukuna.

Ɗakin ƙarami ne, kanta ce ta katako daga ƙasa har sama cike da jajayen kwalabe, da warin aidin. Ya bar ƙofar rabi a buɗe. Ya ajiye kaset ɗin a kan kanta.

"Zaren lafiyarshi lau. Ko lanƙwasa babu."

Ya buɗe tafin hannunshi. 'Yar dunƙulalliyar takarda ce, wadda na toshe ramin da ita. Ya warware ta da farce a hankali, yadda yake yi wa zare, ya juyo mani da ita. Kalma ɗaya da rabi ce da shuɗin biro, "gaida In". Wasiƙarshi na yaga.

"Ni na koya maki wannan," ya ce.

Na fara rantsuwa cewa so nake kawai in ji ko sun karɓe shi, ba da nufin komai ba, na manta tana ɗauka. Ya bar ni na gama. Ya ce ya ji sun karɓe shi, ya gode. Ya ce abin da Inna da Dada suka faɗa zancen tsofaffi ne, a gidansu ma ana yi, ko na naman tukunya bai ƙi gaskiya ba. Muryarshi ko tashi ba ta yi ba, ita ce ta fi ba ni tsoro.

"Amma ranar nan ni na ɗauko ta a mashin ɗin aro, yaron yana tsakaninmu. Ina waje a bakin ƙofarku ina jin tana kiran Sista. Takalmin da kika ce ta zo babu ƙafa ɗaya, ni na koma na tsinto shi a hanya da yamma. Yana shagona har yau, na kasa ba ta." Ya dube ni. "Sau biyu na mayar da wurin, ko zan ji wata ce ba ke ba."

"Ni ce," na ce.

Ya gyaɗa kai. Ya ce ya goge shi kaf, gaba da baya, babu abin da ya rage sai iska. Yaya ba za ta ji ba, ba daga bakinshi ba, zai ce mata ya gagara gyara. Ya ce in san abin da zan gaya wa Sista, don ta Dabawa na jiran darasinta sati mai zuwa.

Daga baranda muryar Sa'adiya ke shigowa ta rabin ƙofar, tana gaya wa wasu da suka zo a makare, ƙwaya biyar amaryarmu ta ce, a shafe kan cokalin, ku tsaya yanzu za ta fito ta sake maku.

Da ina da hankali da shiru na yi. Amma na gaya maku bakina ba nawa ba ne.

"Lawal, maganar Juma'a fa?"

Ya tsaya da hannu a kan ƙyaure. Ya ninke 'yar takardar nan gida biyu, ya saka a aljihun da hular take.

"Ki je ki ƙarasa masu darasin. Kin iya muryar mutane."

Ya fita ya jawo ƙofar da ƙarfin da sai da kwalaben kanta suka amsa tun daga sama har ƙasa.